Mizanin Jiki da Yadda Ake Auna Nauyin Yara Maza

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da wannan kima ta ido ce iyaye suka daɗe suna yanke hukunci a kan jikin 'ya'yansu, kuma harshe ya tanadar musu kalmomi masu yawa na yin haka. Ana cewa yaro ya yi ɓulɓul, ko ya murje, ko ya yi kumari. In abin ya wuce kima a kira shi lukuti, ko a ce ya yi teɓa. A ɗaya gefen kuma akwai siriri, da ramamme, da ƙanjamamme, da wanda ya tsumbure. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana da gurbinta, sai dai babu wadda ta faɗi iyakar inda murjewa ta tsaya ƙiba ta soma. Abin da wata uwa za ta kira lafiya, shi wata za ta kira teɓa.

Likitoci suna da wani lissafi da suke cike wannan giɓi da shi, wanda suke taƙaita sunansa da haruffa uku, BMI. A wannan takarda za mu kira shi mizanin jiki. An guji cewa ma'aunin nauyi ne saboda wannan suna ya riga ya zama na sikeli, alhali abin da muke magana a kansa lissafi ne da ke gwama nauyi da tsayi. Manufar takardar ita ce a nuna yadda ake fitar da shi, da yadda ake karanta shi ga yaro namiji, musamman daga shekara 5 zuwa 19, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

2.0 Asalin Lissafin

Wanda ya fara lura da wannan dangantaka wani masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet (1796-1874). A shekarun 1830 ya shagala da neman siffar matsakaicin mutum, ya yi ta tara awon tsayi da nauyin jama'a. Ya gano cewa a tsakanin waɗanda suka gama girma, nauyi yana tafiya ne kusan daidai da tsayi in an ninka shi da kansa. Ba likita ba ne, kuma ba ƙiba yake nazari ba. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, da abokan aikinsa suka gwada hanyoyin lissafi daban-daban a kan manyan maza sama da 7,000, suka ga ta Quetelet ta fi sauran dacewa da yawan kitsen jiki, suka raɗa mata sunan da aka san ta da shi yanzu. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu daga wannan tarihi: an gina lissafin a kan manya, kuma an gina shi ne don kwatanta taron jama'a.

Yadda ake yinsa ba wuya. A auna nauyi da kilo, a auna tsayi da mita, a ninka tsayin da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Alal misali, yaro mai kilo 32 da tsayin mita 1.38: in an ninka 1.38 da 1.38 za a sami 1.90, in an raba 32 da wannan za a sami 16.8. Mizanin jikinsa ke nan.

Ga manya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyakoki tsayayyu. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce. Waɗannan alƙaluma sun yaɗu ƙwarai, har ma a kan same su manne a bangon ɗakunan shan magani, kuma yaɗuwarsu ce ta jawo wasu ke ɗora su a kan yara. Duk wanda ya duba yaronmu mai 16.8 da jadawalin manya zai ce ramamme ne. Za mu ga nan gaba cewa in shekarunsa 10 ne, lafiyarsa ƙalau.

3.0 Dalilin da Ya Sa Yaro Ya Bambanta

Mizanin jikin yaro ba ya zama wuri ɗaya. Jariri namiji yakan zo duniya da kimanin 13.4. A watannin farko yakan tara kitse da sauri, mizanin ya haura 17 kafin ya cika shekara. Lokacin ne ake ganin kumatu da damatsa sun cika. Daga nan, in ya fara tafiya da guje-guje, tsayi yakan riga nauyi, mizanin ya yi ta sauka har ya kai ƙasansa wajen shekara 5 zuwa 6, kusa da 15.3. Iyaye da yawa sukan damu a wannan mataki, su ce yaro ya zube tun da aka yaye shi, alhali tsarin girma ne. Bayan haka sai mizanin ya sake ɗagawa, ya yi ta hawa har ƙarshen samartaka. Wata masaniya Bafaranshiya, Rolland-Cachera, da abokan aikinta sun nuna a 1984 cewa yaron da wannan ɗagawa ta biyu ta zo masa da wuri ya fi fuskantar haɗarin ƙiba daga baya.

Tun da abin yana hawa da sauka haka, ba za a iya kafa lamba ɗaya a ce ita ce iyaka ba. Dole a kwatanta yaro da tsararrakinsa. Ga yadda jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna mizanin yara maza a wasu shekaru. Lamba ta farko ita ce iyakar rama, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku inda nauyi ya fara yawa, ta huɗu kuma iyakar ƙiba:

Shekara 5 da wata 1: 13.0, 15.3, 16.6, 18.3
Shekara 10: 13.7, 16.4, 18.5, 21.4
Shekara 12: 14.5, 17.5, 19.9, 23.6
Shekara 15: 16.0, 19.8, 22.7, 27.0
Shekara 19: 17.6, 22.2, 25.4, 29.7

A ɗauki lamba 17 a bi ta cikin wannan jeri. Ga ɗan shekara 5 ta haura 16.6, watau nauyinsa ya fara yawa. Ga ɗan shekara 10 tana dab da tsaka-tsaki. Ga ɗan shekara 19 kuwa ta gaza 17.6, ramamme ne ke nan. Lamba ɗaya ce ta ba da hukunci uku. Haka kuma ɗan shekara 10 mai tsayin mita 1.38 da kilo 42 zai sami 22.1, wadda jadawalin manya zai ce daidai ce, amma a tsakanin tsararrakinsa ta zarce 21.4, ya shiga sahun masu ƙiba. Wannan kuskure na biyu ya fi na farko illa, domin yana kwantar da hankalin iyaye a inda ya kamata su tashi tsaye.

A lura kuma da layin ƙarshe. A shekara 19 iyakokin sun zo 25.4 da 29.7, kusan daidai da 25 da 30 na manya. Da gangan aka tsara haka, don kada saurayi ya kwana da lafiya a jadawalin yara ya wayi gari da ƙiba a na manya.

Abin da ya sa aka ware wa maza jadawalinsu shi ne balaga. Mata sukan riga maza shiga ta da kimanin shekara biyu. Yarinya takan yi saurin tsayinta mafi yawa wajen shekara 11 zuwa 12, yaro kuwa sai wajen 13 zuwa 14. Shi ya sa a shekara 12 tsaka-tsakin mata ya kai 18.0, na maza yana 17.5, kuma iyakar ƙiba ga mata 25.0 ce, ga maza 23.6. Bambancin bai tsaya ga lokaci ba. Nauyin da balaga ke ƙara wa yarinya, kaso mai yawa nasa kitse ne. Wanda take ƙara wa yaro galibinsa tsoka ce da ƙashi, kafaɗu su buɗe, ƙirji ya faɗaɗa. Saboda haka hawan mizanin saurayi tsakanin shekara 13 da 18 ba lalle ne ya nuna ƙaruwar kitse ba, sau da yawa ma kason kitsensa raguwa yake yi a waɗannan shekaru.

4.0 Jadawali Uku da Ake Amfani da Su

Mai nazari zai ci karo da jadawali fiye da ɗaya, kuma ba kullum suke yanke hukunci iri ɗaya ba.

Na Hukumar Lafiya ta Duniya kashi biyu ne. Na ƙananan yara, daga haihuwa zuwa shekara 5, ya fito a 2006, kuma an gina shi a kan binciken da aka gudanar daga 1997 zuwa 2003 a kan yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, waɗanda iyayensu mata ba sa shan taba, kuma talauci bai tauye girmansu ba. Babban abin da binciken ya tabbatar shi ne yaran Akkara da na Oslo suna girma kusan iri ɗaya muddin an ba su kulawa iri ɗaya. Wannan ya rage ƙarfin maganar da ake yawan yi cewa gajarta ko sirantar yaranmu duk gado ce. Kashi na biyu, na shekara 5 zuwa 19, wanda muka kawo alƙalumansa a sama, bai sami irin wannan gata ba. An sake gina shi ne a 2007 daga awon yaran Amurka da aka tara a shekarun 1960 da farkon na 1970, kafin ƙiba ta yawaita a can. Hukumar tana auna nisan yaro daga tsaka-tsaki da wani awo na masu ƙididdiga wanda za mu kira taki. Daga shekara 5 zuwa sama, wanda ya haura taki ɗaya nauyinsa ya yi yawa, wanda ya haura biyu yana da ƙiba, wanda ya gaza da taki biyu ramamme ne, da uku kuwa ramar ta yi tsanani. Ga 'yan ƙasa da shekara 5 an sassauta: sai an haura taki biyu ake cewa nauyi ya yi yawa, uku kuma ƙiba.

Na biyu shi ne na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, na shekarar 2000. Shi yana jera yara ne kamar an tsai da ɗari a layi, daga mafi ƙarancin mizani zuwa mafi yawa. Wanda ya faɗa ƙasa da matsayi na 5 ramamme ne, daga na 5 zuwa ƙasa da na 85 lafiya, daga na 85 nauyi ya yi yawa, daga na 95 ƙiba. Wasu manhajojin lissafi da ake samu a intanet wannan suke bi.

Na uku Tim Cole da abokan aikinsa suka fitar a 2000, daga awon yaran Birazil, Birtaniya, Hon Kon, Holan, Singafo da Amurka. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. An fi amfani da shi wajen kwatanta ƙasa da ƙasa.

Yaron da ke bakin iyaka yana iya faɗawa wannan gefe a jadawali ɗaya, ya faɗa wancan a wani. Don haka duk ɗalibin da ya karanta rahoto an ce kashi kaza na yaran wata makaranta suna da ƙiba, tambayar farko da ta kamace shi ita ce da wane jadawali aka auna. Rahoton da bai faɗi wannan ba, a ganina, bai cika rahoto ba.

5.0 Inda Lissafin Ke Tuntuɓe a Wurinmu

Matsala ta farko ita ce shekaru. Jadawalin yana tafiya ne wata-wata, alhali binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. A karkara galibi da abin da ya faru ake tuna haihuwa: da kaka ne, ko ana saura kwana kaɗan azumi, ko shekarar da kogi ya yi ambaliya. Yaron da aka kai karatun allo wani gari tun yana ƙarami, sau da yawa babu ma wanda za a tambaya. A ɗauka yaro ya sami 14.2. In shekarunsa 10 ne, ya tsallake iyakar rama ta 13.7, in 12 ne, ya gaza 14.5. Kuskuren shekara biyu a ƙiyasin ido kuwa abu ne mai sauƙin faruwa, balle ga yaron da bai yi tsayin shekarunsa ba, wanda kowa zai rage masa. Har ila yau, wanda ke ƙirga shekarun ɗansa da sallah ko azumi ya tuna cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A shekara 11 wannan ya taru ya kai wata huɗu, kuma da shekarar Miladiyya aka tsara jadawalin.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce tsumburewa. Mizanin jiki yana tambaya ne ko nauyi ya dace da tsayi; ba ya tambaya ko tsayin ya dace da shekaru. A ɗauki ɗan shekara 10 mai tsayin mita 1.22 da kilo 24. Lissafi zai ba da 16.1, dab da tsaka-tsaki, mai dubawa ya ce madalla. Amma matsakaicin tsayin ɗan shekara 10 a jadawalin Hukumar santimita 137.8 ne, kuma wanda ya gaza 125 ya tsumbure. Wannan yaro tsayin ɗan shekara 7 gare shi. Ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta a farkon rayuwa sun rage masa tsayi da nauyi tare, shi ya sa rabon ɗaya da ɗaya ya fito daidai. Ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar Hausa. Binciken 2018 da aka ambata ya sami kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57, kuma abin ya fi yawa ga maza. Waɗannan yara su ne 'yan firamare da sakandare na shekarun da suka biyo baya. Duk wanda ya auna su da mizanin jiki kaɗai zai ba da shaidar lafiya ga da yawa daga cikin waɗanda yunwa ta riga ta yi wa tabo. Maganin wannan shi ne a duba tsayi bisa shekaru a jadawalinsa na daban, kowane lokaci, kafin a ce komai.

Akwai kuma jinkirin balaga. Yaron da bai sami isasshen abinci ba, ko mai fama da amosanin jini, yakan makara wajen shiga balaga. A shekara 14 ko 15 tsararrakinsa na cikin jadawali sun riga sun fara tara tsoka, shi kuwa jikinsa na yaro ne tukuna, don haka sai ya bayyana ya fi yadda yake rama. Kishiyarsa shi ne saurayin da noma ko dako ko kokawa suka gina wa jiki, wanda zai iya haura iyakar yawan nauyi ba tare da kitsen kirki ba, domin sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Bai kuma san ruwa ba: yaron da tamowa ta kumbura wa ƙafafu, ko mai ciwon ƙoda, nauyin ruwan zai shiga lissafi a matsayin jiki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya, ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, suke dogara da danna bayan ƙafa don neman kumburi da kuma awon damtse, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani.

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka rama ce kaɗai damuwarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya yi yawa a duniya, miliyan 160 daga cikinsu masu ƙiba. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne, a 2022 ya kai 20, kuma maza sun ɗara mata, 21 da 19. A biranenmu ana ganin alamunsa a gidajen masu hali, inda lemon kwalba da kayan ƙwalama suka yawaita, mota ke kai yaro makaranta ta ɗauko shi, wasan dandali kuma ya koma na waya. Al'ada tana ƙara rufe ido a nan, domin yaro ɓulɓul abin alfahari ne, shaida ce cewa gidan ana ci ana ƙoshi. Yaron da ya shiga samartaka da ƙiba kuwa galibi da ita yake girma, tare da haɗarin ciwon sukari da hawan jini.

6.0 Yadda Ake Awo

Tun da ninka tsayi ake yi da kansa, ƙaramin kuskure a cikinsa yakan girma. Ɗan shekara 10 mai kilo 36 da mita 1.38 mizaninsa 18.9 ne, ya haura iyakar 18.5. In aka auna shi da takalmi da hula aka rubuta 1.41, sai ya dawo 18.1, ya ɓace daga lissafin waɗanda ya kamata a sa wa ido. Don haka a cire takalmi da hula, yaro ya tsaya a daɓe mai lebur, dugadugansa da bayansa su taɓa bango, ya dubi gabansa sosai, a ɗora abu mai lebur a kansa ya haɗu da bango, a karanta har zuwa ɗigon santimita. Wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi. Wajen nauyi a ajiye sikeli a ƙasa mai tauri, a tabbata yana kan sifili, a rage tufafi, musamman da hunturu da ake jibga wa yara riguna. A rubuta ranar awo da ranar haihuwa, a fitar da shekaru da watanni.

Awo ɗaya hoto ne na rana ɗaya. Abin da ya fi faɗa wa likita gaskiya shi ne jerin awo na wata shida-shida ko shekara-shekara. Yaron da ya daɗe yana bin layin ƙasa-ƙasa, yana cin abinci, yana wasa, tsayinsa na ƙaruwa, mai yiwuwa ƙirarsa ce haka. Wanda ya bar layinsa ya tsallaka sama ko ƙasa cikin shekara guda, ko da bai kai iyaka ba, shi ne abin bincike. In mizani ya nuna yawan nauyi kuma ana shakkar tsoka ce ko kitse, akwai gwaji mai sauƙi ga ɗan shekara 5 zuwa sama: a zagaya ƙugunsa da tef, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, a ga ko ya kai rabin tsayinsa. Yaro mai santimita 138 ana so ƙugunsa ya gaza 69. In ya kai ko ya wuce, kitsen ciki ne, sai a kai shi asibiti a duba jininsa da sukarinsa. Ba a ɗora wa yaro mai girma horon yunwa a gida. Sau da yawa abin da likita zai nema shi ne nauyin ya tsaya inda yake na ɗan lokaci, tsayi ya cim masa.